Daga Reggan zuwa Samaru: Bam ɗin Faransa da Arewacin Ƙasar Zazzau

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda suka shimfiɗu daga arewacin birnin Zariya har zuwa iyakar jihar Kano, ƙasar noma ce da aka fi sani da rake da mazarƙwaila da tumatir da masara, kuma ba kasafai sunanta yake fitowa a littattafan da suke magana a kan makaman ƙare-dangi ba. Duk da haka tarihin waɗannan makamai ya taɓa yankin sau biyu, da farko a 1960 lokacin da Faransa ta fara gwada bam ɗinta a cikin Sahara, wato a gefen da iskar hunturu take fitowa, sannan a 2018 lokacin da ƙwararru daga ƙasashe da dama suka hallara a Samaru, maƙwabciyar Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, domin su ɗauke kimanin kilo ɗaya na wani sinadari da ake iya haɗa bam da irinsa. Abin da ya gudana a cikin shekaru 58 da suke tsakanin waɗannan al'amura biyu ya nuna yadda yunƙurin da ƙasashen Afirka suka faro domin su taka wa wata babbar ƙasa burki ya rikiɗe ya zama tsarin da ya fi ɗaure su kansu, da yardarsu kuma da sa hannunsu.

Makamin nukiliya yana samun ƙarfinsa ne daga tsagewar ƙwayar zarra, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta da ake iya raba sinadari zuwa gare ta ba tare da ya sauya suna ba, kuma sinadarai biyu ne aka fi yin wannan aiki da su, yuraniyom da fulutoniyom. Faransa ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya a watan Oktoba na 1945, watanni biyu bayan Amurka ta halaka biranen Hiroshima da Nagasaki, amma niyyar ƙera bam ba ta yi ƙarfi ba sai bayan kayen da ta sha a Biyetnam a 1954 da kuma kunyar da ta kwasa a rikicin mashigin Suwez a 1956, inda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka tilasta mata janyewa daga Masar ita da Birtaniya. A watan Afrilu na 1958 Firayim Minista Félix Gaillard ya sa hannu a kan umarnin cewa a yi gwajin farko a farkon 1960, kuma da Janar de Gaulle ya dawo kan mulki bayan 'yan makonni sai ya mayar da bam ɗin ginshiƙin siyasarsa ta nuna cewa Faransa ba 'yar amshin shatar kowa ba ce. Wurin da aka zaɓa shi ne kudu da garin Reggan a hamadar Aljeriya, ƙasar da take tsakiyar yaƙin neman 'yancinta a lokacin. Jami'an Faransa sun riƙa siffanta wurin da cewa fili ne fetal da babu kowa, alhali Reggan tana bakin ƙasar Tuwat ne, jerin dausayi da garuruwan dabino da ayarin fatake suka daɗe suna ratsawa zuwa ƙasar Hausa. Daga Tuwat ɗin ne Shehu Muhammadu al-Maghili ya taso ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma can ya koma aka binne shi. Tazarar da take tsakanin Reggan da Zariya ba ta kai kilomita 2,000 ba.

Ƙorafi ya fara tun kafin a tayar da komai. Taron ƙasashen Afirka masu 'yanci da aka yi a Akara a watan Afrilu na 1958 ya yi tir da shirin, a shekarar da ta biyo baya kuma Maroko ta kai maganar gaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya zartar da ƙuduri a ranar 20 ga Nuwamba 1959 yana roƙon Faransa ta fasa. Lokacin ya dace da masu ƙorafin, domin tun ƙarshen 1958 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun dakatar da nasu gwaje-gwajen bisa raɗin kansu, saboda haka Faransa ce kaɗai take shirin ƙazantar da sararin sama. A watan Disamba na 1959 wani ayarin masu zanga-zangar lumana, wanda ya ƙunshi 'yan Gana da wasu 'yan Afirka tare da Rabaran Michael Scott daga Ingila da Bayard Rustin daga Amurka, ya tashi daga Akara da nufin ya keta hamada ya je ya zauna a filin gwajin, amma jami'an Faransa suka tare shi a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau suka mayar da shi baya. Najeriya ba ta da bakin magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, tun da harkokinta na waje suna hannun Birtaniya, ita kuwa Birtaniya ba ta son ɓata wa de Gaulle rai. Abin da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iya yi shi ne ya je Landan a 1959 ya kai kukan jama'arsa, abin da ya samo kuma shi ne tabbacin masana kimiyyar Birtaniya cewa babu haɗari, tare da kafa tashoshin auna ƙurar nukiliya a wasu biranen Najeriya.

Tsoron da mutanen Arewa suka ji yana da tushe a cikin abin da kowane manomi ya sani game da iska. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo, wato ƙura mai laushi da take tasowa daga hamada, wadda takan rufe rana, ta kwanta a kan ganyen rake da tumatir a fadamu, ta shiga ɗaki ko da an rufe ƙofa da taga. Wanda ya saba share wannan ƙura daga kan tabarma kowace safiya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane cewa abin da aka watsa a samaniyar Sahara yana iya sauka a gonarsa. Bam ɗin da aka tayar kusa da doron ƙasa yana tsotse rairayi ya haɗa shi da burbushin sinadarai masu fitar da tururi mai lahani, sannan iska ta kwashe su. Daga cikinsu akwai wani nau'in aidin da yake sauka a kan ciyawa, shanu su ci, ya fito a cikin nono ya taru a maƙogwaron yara, akwai kuma sitironshiyom wanda jiki yake ɗauka tamkar sinadarin gina ƙashi ya ajiye shi a ƙashin, da siziyom wanda sai bayan shekara 30 rabin ƙarfinsa yake gushewa. A ƙasar da fura da nono suke abincin rana, wannan bayani ne mai tayar da hankali. Abin da ya rage haɗarin shi ne rani, domin ruwan sama ne yake saurin sauko da irin wannan ƙura ƙasa, watan Fabrairu kuwa ba a samun ruwa a ƙasar Hausa.

A safiyar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin farko a kan wata hasumiyar ƙarfe, da ƙarfin da ya kai na tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. An sake gwaji a ranar 1 ga Afrilu, da 27 ga Disamba, da kuma 25 ga Afrilu 1961, dukkansu a sarari. Gwamnatin Faransa ta dage a lokacin cewa ƙurar ba ta wuce yankin da aka killace ba ta yadda za ta cutar, amma wata taswirar sojojinta da aka fitar daga cikin takardun sirri, wadda jaridar Le Parisien ta buga a watan Fabrairu na 2014, ta nuna cewa cikin kwana 13 gajimaren gwajin farko ya ratsa Nijar da Cadi, ya bazu a Afirka ta Yamma, ya kuma kai kudancin Sifaniya da tsibirin Sisili. Gana ta mayar da martani nan take ta hanyar riƙe kadarorin Faransa da suke ƙasarta, Maroko kuma ta janye jakadanta. Shugabannin ƙasashen rainon Faransa, waɗanda suke daf da karɓar 'yancinsu daga hannun de Gaulle, mafi yawansu sun yi gum, wasu ma sun kare shi.

Gwaji na uku shi ne ya tarar da Najeriya da 'yancinta, wata uku bai cika ba da saukar da tutar Birtaniya. A ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Ɓalewa, wanda shi ne yake riƙe da ma'aikatar harkokin waje a lokacin, ta ba jakadan Faransa Raymond Offroy sa'o'i 48 ya bar Legas, ta kuma haramta wa jiragen ruwa da na saman Faransa amfani da tashoshin Najeriya. Babu wata ƙasar Afirka da ta kai nan, har da Gana ta Nkrumah wadda ta fi kowa ɗaga murya, kuma abin lura ne cewa matakin ya fito daga gwamnatin da 'yan adawa suke zargi da sanyin jiki da bin Turawa sau da ƙafa. Sai dai takunkumin ya fi cizon maƙwabta fiye da wanda aka yi dominsa. Nijar da Cadi ba su da teku, kuma gyaɗar da ake nomawa a yankunan Damagaram da Maraɗi wani kaso nata ta Kano yake bi, a loda shi a jirgin ƙasa, ya ratsa tashar Gimi ta ƙasar Maƙarfi ya wuce Zariya zuwa Legas, inda jiragen ruwan Faransa suke ɗauka. Da aka hana waɗannan jirage shigowa, manomin gyaɗa Bahaushe na tsallaken iyaka ne ya fara ji a jikinsa, saboda haka bayan 'yan watanni aka ɗage haramcin. Hulɗar jakadanci kuwa ba ta dawo ba sai bayan kusan shekara biyar. De Gaulle bai manta ba. Faransa ta ja ƙafa a kan yarjejeniyar ciniki da Najeriya ta nema da Kasuwar Tarayyar Turai, wadda aka sa wa hannu a Legas a 1966 amma ba ta taɓa fara aiki ba, kuma masana tarihi da yawa suna lissafa korar Offroy a cikin dalilan da suka sa Faris ta karkata ga Biyafara a lokacin yaƙin basasa.

Idan aka auna matakin da manufarsa ta kusa, bai cimma komai ba, domin gwaji na huɗu ya zo bayan wata uku da 'yan kwanaki. Daga ƙarshen 1961 Faransa ta koma yin gwajin a cikin ramuka da aka haƙa a jikin wani dutse a In Ekker, arewa da Tamanrasat a ƙasar Buzaye, inda ta tayar da bama-bamai 13 zuwa watan Fabrairu na 1966. A ranar 1 ga Mayu 1962 toshiyar ɗaya daga cikin ramukan ta ɓalle, gajimare mai guba ya fito ya lulluɓe sojoji da ma'aikata da ministoci biyu da suka zo kallo, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Abin mamakin shi ne mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne bayan Aljeriya ta sami 'yanci, saboda yarjejeniyar Evian ta watan Maris 1962 ta bar wa Faransa filayen na tsawon shekara biyar. Da wa'adin ya kusa cika sai ta kwashe kayanta zuwa tsibiran Mururowa da Fangatofa a tekun Fasifik, inda ta yi wasu gwaje-gwaje 193 kafin ta daina a 1996. Ta ƙi shiga yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa, kuma ba ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ba sai 1992, lokacin da ta riga ta mallaki duk abin da take so.

Inda ƙorafin Afirka ya haifar da ɗa mai ido shi ne a fagen rubuta dokoki. A watan Nuwamba na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira da a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da ba a gwada ko ajiye makaman nukiliya a cikinta, a watan Yuli na 1964 kuma shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yi shelar haka a Alƙahira. Najeriya tana cikin ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu da aka sa a kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamara da ya fara zama a Janeba a 1962, kwamitin da Faransa ta bar kujerarta a cikinsa babu kowa, kuma a nan aka tattauna yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Najeriya ta sa mata hannu a ranar da aka buɗe ta, 1 ga Yuli 1968, ta kuma tabbatar da ita a watan Satumba na wannan shekarar, tana tsakiyar yaƙin basasa. Yarjejeniyar ta raba duniya gida biyu. Ƙasashe biyar da suka gwada bam kafin 1 ga Janairu 1967, wato Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya da Faransa da Sin, an amince su riƙe nasu bisa alkawarin za su yi shawarwarin kwance ɗamara da zuciya ɗaya, ba tare da an sa musu rana ba. Sauran kuwa sun yi alkawarin ba za su ƙera ba har abada, sun kuma buɗe ƙofofinsu ga masu binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana, a madadin a taimaka musu da fasahar nukiliya ta zaman lafiya. Gwajin Reggan da Afirka ta yi ta Allah wadai da shi, shi ne ya saya wa Faransa kujera a cikin biyar ɗin.

A daidai wannan lokaci ne arzikin ƙasar Nijar ya shiga cikin shirin Faransa. An gano yuraniyom a yankin Azelik a 1957, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968 wanda ya fara haƙa a Arlit a 1971, sannan kamfanin COMINAK ya fara nasa a Akokan a 1978. Abin da aka riƙa fitarwa gari ne mai launin ɗorawa da aka riƙa zubawa a durom, a ɗora a manyan motoci su bi ta Agadas da Tawa da Birnin Ƙonni zuwa ƙasar Benin, daga can a sa shi a jirgin ruwa a Kwatano. Darajarsa ga Faransa ta wuce ta kuɗi, domin Kanada ta yanke tun 1965 cewa ba za ta sayar da nata ba sai da sharaɗin aikin zaman lafiya da bincike, sharaɗin da de Gaulle ya ƙi, na Afirka kuwa babu irin wannan igiya a wuyansa. Shugaba Diori Hamani yana cikin ja-in-ja da Faris a kan farashi ne sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu na 1974. Gwamnatin Seyni Kountché da ta gaje shi ta sayar da kasonta ga wanda ya biya, ciki har da Libiya, wadda ta sayi fiye da tan 2,000 tsakanin 1978 da 1981, da kuma Pakistan. Wannan tarihin ne ya sa ƙaryar 2003 ta sami shiga, lokacin da Shugaba Bush ya gaya wa majalisar dokokin Amurka cewa shugaban Iraƙi Saddam Husaini ya nemi yuraniyom daga Afirka. A ranar 7 ga Maris na wannan shekarar shugaban IAEA Muhammad al-Baradai ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka ce sun tabbatar da cinikin tsakanin Yamai da Bagadaza na jabu ne, amma bayan mako biyu aka afka wa Iraƙi.

Najeriya ma ta taɓa yin waswasi a kan alkawarinta, kuma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ce ta jawo shi. A 1977 tauraron ɗan'adam na Sobiyet ya gano filin gwaji da ake shiryawa a hamadar Kalahari, a watan Satumba na 1979 kuma wani tauraron Amurka ya ga walƙiya irin ta bam a kan tekun da yake kudu da nahiyar. Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya da doka ta 46 ta 1976, aka kuma zaɓi jami'o'in Zariya da Ife su kafa cibiyoyin bincike da horar da masana. Farfesa Ali Mazrui ya yi jayayya a laccocinsa na gidan rediyon BBC a 1979 cewa sai ƙasashe irin su Najeriya sun mallaki bam kafin manyan ƙasashe su ɗauki kwance ɗamara da muhimmanci, a 1987 kuma ministan harkokin waje Bolaji Akinyemi ya yi maganar bam ɗin baƙar fata. Maganar ba ta wuce fatar baki ba, domin hukumar da aka kafa a 1976 ba ta fara aiki sosai ba sai 2006, kuma a 1988 Najeriya ta kammala yarjejeniyar da ta ba IAEA ikon bincikar duk wani sinadarin nukiliya da yake ƙasar. Da Shugaba de Klerk ya bayyana a watan Maris na 1993 cewa ƙasarsa ta ƙera bama-bamai shida ta kuma wargaza su, sai hanya ta buɗe ga yarjejeniyar Pelindaba, wadda jami'in jakadancin Najeriya Oluyemi Adeniji ya jagoranci ƙwararrun da suka tsara ta. An sa mata hannu a Alƙahira a ranar 11 ga Afrilu 1996, ta fara aiki a ranar 15 ga Yuli 2009, kuma ta haramta ƙerawa da gwadawa da ajiye makamin nukiliya a ko'ina a nahiyar.

Rabon Najeriya daga alkawarin fasahar zaman lafiya shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Samaru. Tukunyar nukiliya na'ura ce da ake tsaga ƙwayoyin zarra a cikinta sannu a hankali bisa ƙa'ida, saɓanin bam da yake tsaga su gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ta Samaru, wadda aka sa wa suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce da aka samo ta hannun IAEA, irin wadda aka ba Pakistan da Iran da Gana da Siriya, kuma ta fara aiki a ranar 3 ga Fabrairu 2004. Ba ta ba da wutar lantarki, zafin da take fitarwa kuma kimanin kilowat 30 ne, kwatankwacin dutsen guga 30 da aka kunna a lokaci ɗaya. Zuciyarta ta farko ba ta fi ƙaramar tukunyar miya girma ba, kimanin santimita 23 a tsaye da a kwance, an jera sanduna 347 a cikinta kowanne bai kai fensir kauri ba, an kuma nutsar da ita a ƙasan wata rijiyar ruwa mai zurfi. An ƙera ta yadda idan ruwan ya yi zafi ƙarfinta yake raguwa da kansa. Babban aikinta shi ne gano sinadaran da suke cikin abu, kuma hanyar mai sauƙin fahimta ce: a busar da ɗan samfurin ƙasar gona ko takin zamani ko hatsi ko dutse, a niƙa shi, a ɗura abin da bai kai cikin cokali ba a wata 'yar kwalbar roba, iska ta tura kwalbar ta cikin bututu zuwa gefen zuciyar tukunyar, inda ƙwayoyin da ake kira niyutiron za su buge ta na ɗan lokaci. Idan aka fito da ita, kowane sinadari da yake ciki yana fitar da haske marar ganuwa mai alama tasa ta daban, na'ura kuma ta karanta ta faɗi ko akwai zinare a dutsen, ko akwai guba a hatsin, ko ƙasar ta rasa abin da shuka take buƙata. Ga yankin da rayuwarsa ta rataya a kan fadama da taki, irin su Kudan da Ikara, wannan shi ne fannin kimiyyar nukiliya da ya fi kusa da gona.

Matsalar tana cikin sandunan. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na cikinsa yake nau'in da yake tsagewa, wanda ake kira U-235, kuma tacewa ita ce aikin ƙara yawan wannan nau'i. Abin da bai kai kashi 20 ba ana ɗaukarsa ba ya yin bam, na Samaru kuwa an tace shi zuwa kashi 90, wato matakin makami. Nauyinsa kimanin kilo ɗaya ne, alhali IAEA tana lissafa kilo 25 a matsayin abin da za a damu da shi wajen haɗa bam guda, saboda haka shi kaɗai ba ya isa komai. Amma tukunyar ta fara aiki ne a mummunan lokaci. Washegarin ranar da aka kunna ta, Abdul Qadeer Khan ya fito a talabijin a Pakistan ya amsa cewa ya sayar wa wasu ƙasashe asirin nukiliya, bayan wata ɗaya kuma ma'aikatar tsaron Najeriya ta fitar da sanarwar cewa wani babban janar na Pakistan da ya kawo ziyara ya yi tayin taimakawa a fannin nukiliya, sanarwar da aka janye cikin gaggawa aka ce kuskuren rubutu ne. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta sa kanta aikin tattara irin wannan sinadari daga ƙananan tukwanen bincike na duniya, don gudun kada a tsince shi kaɗan-kaɗan a haɗa, kuma tasowar Boko Haram ta sa sunan Zariya ya matso sama a jerin.

Najeriya ta amince a sauya zuciyar tukunyar, kamar yadda aka yi wa ta Gana a 2017. A ƙarshen watan Oktoba na 2018 ƙwararru daga Amurka da Birtaniya da Norwe da Sin da Rasha da Jamhuriyar Cek suka haɗu da ma'aikatan cibiyar domin aikin, a daidai lokacin da rikicin Kasuwan Magani ya sa aka kafa dokar hana fita a Kaduna, abin da ya jinkirta shirin ya kuma ƙara yawan sojojin da suka yi rakiya. An zaro tsohuwar zuciyar daga ƙasan rijiyar aka sa ta a cikin tulun ƙarfe mai kauri, aka zura sabuwa wadda aka tace zuwa kashi 13 kawai, kuma kafin ƙarshen shekarar tukunyar ta koma aiki. A farkon watan Disamba aka ɗauki tulun a mota zuwa filin jirgin saman Kaduna, aka rufe shi a cikin wani kwanson ƙarfe mai nauyin kusan tan 30 da aka ƙera don ya jure faɗuwar jirgi, sannan wani katafaren jirgin dakon kaya ƙirar Antonov ya tashi da shi zuwa ƙasar Sin. 

Bayan kusan shekara biyu, a ranar 6 ga Agusta 2020, ranar da harin Hiroshima ya cika shekara 75, Najeriya ta tabbatar da sabuwar yarjejeniyar da ta haramta makaman nukiliya baki ɗaya, wadda tana cikin ƙasashen da suka jagoranci tsara ta, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu makaman da ta sa mata hannu. Faransa tana riƙe da kusan kawunan makamai 300. Dokar da majalisarta ta yi a 2010 don biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka cutar ta amfani tsofaffin sojoji da mutanen tsibiran Fasifik, 'yan Aljeriya ƙalilan ƙwarai ne suka samu, kuma ba ta shafi kowa a kudancin Sahara ba. Motoci da jirage da ƙarafan da aka jera a filin Reggan don a ga yadda bam zai yi musu, an binne da yawansu a cikin rairayi kafin sojojin Faransa su tashi a 1967, wasu kuma mutanen yankin sun tone su sun yi shinge da rufin ɗaki da su, kuma har yanzu gwamnatin Aljeriya tana neman Faris ta ba ta taswirar wuraren da aka binne sauran.